Auna Girman Tasiri a Nazarin Warwatsuwa: Jagora ga Manazarta Harshe

1.0 Gabatarwa

Manazarcin harshe da ya fita fagen bincike yakan dawo da alƙaluma: ko dai makin da ɗalibai suka ci a jarrabawar fahimtar karatu, ko tsawon wasulan da aka auna daga bakin masu kare-karen harshe daban-daban, ko kuwa yawan kalmomin aro a shafukan jaridu. Idan rukunan da ake son kwatantawa sun kai uku ko sun fi, hanyar da aka saba bi ita ce gwajin ƙididdigar nan da ake kira Anoba, wanda a wannan maƙala aka ba sunan nazarin warwatsuwa. Abin da aka fi gani a kundayen digiri shi ne, da zarar kwamfuta ta nuna ƙimar p ta gaza 0.05, sai mai bincike ya ce ya gano bambanci mai muhimmanci, ya zarce zuwa ga shawarwari. Idan kuwa ta haura haka, sai ya ce babu bambanci. Kowanne daga cikin hukunce-hukuncen nan biyu yana iya zama kuskure, domin ƙimar p ba ta faɗar yawan bambancin da aka samu, alhali kuwa a kan irin wannan sakamako ake dogara wajen ba da shawarar sauya dabarar koyarwa ko gyara ƙa'idojin rubutu.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da ake nufi da girman tasiri, da yadda ake lissafa shi daga jadawalin Anoba, da kuma yadda ya kamata a fassara shi a binciken harshe.

2.0 Asalin Al'amarin

Masanin ƙididdiga ɗan ƙasar Ingila, Ronald Fisher, shi ne ya tsara nazarin warwatsuwa a lokacin da yake aiki a cibiyar binciken aikin gona ta Rothamsted, inda ya kama aiki a 1919, kuma littafinsa na 1925 ne ya yaɗa hanyar a tsakanin masu bincike. George Snedecor ne ya sa wa sakamakon gwajin harafin F a 1934 don girmama shi. Tambayar da gwajin yake amsawa ƙarama ce. Da a ce babu wani bambanci tsakanin rukunan a haƙiƙa, yaya yiwuwar a sami bambanci kamar wanda aka gani, ko wanda ya fi shi, ta hanyar dace kawai? Wannan yiwuwa ita ce ƙimar p.

Tambaya ta biyu, wato ko bambancin babba ne ko ƙarami, tana buƙatar ma'auni na daban. Tun a 1905 Karl Pearson ya fito da ma'aunin eta. Truman Kelley ya kawo efsilon a 1935, William Hays kuma ya kawo omega a 1963. Jacob Cohen ne ya fi kowa yayata batun a littafinsa na 1969, wanda aka sake bugawa a 1988. A 1999 wani kwamiti na Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan'adam ta Amurka, a rahoton da Leland Wilkinson ya jagoranci rubutawa, ya nemi a riƙa bayar da girman tasiri tare da kowane babban sakamako. Ita ma Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa a 2016 tana jaddada cewa ƙimar p ba ta auna girman tasiri.

3.0 Misalin da za a Yi Aiki da Shi

Sanin kowa ne cewa daidaitaccen rubutun Hausa ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Kalmar "gari" tana iya nufin wurin zama ko niƙaƙƙen hatsi, tsawon wasalin farko ne ya raba su. Haka "kuka" tana iya nufin zubar da hawaye ko itaciya, karin sauti ne ya raba su. Bahaushe yakan gane abin da ake nufi daga muhallin kalma, amma ga mai koyon Hausa a matsayin harshe na biyu lamarin yakan zama tarnaƙi. A ƙaddara wani mai bincike ya raba ɗalibai 15 zuwa rukuni uku, biyar-biyar. Rukunin A ya karanta labari cikin rubutun yau da kullum, rukunin B ya karanta shi da alamar tsawon wasali, rukunin C kuma da alamar tsawo da ta karin sauti. Daga nan aka yi musu jarrabawa mai maki 20. Alƙaluman da ke tafe ƙirƙirarsu aka yi don sauƙaƙa bayani, ba sakamakon wani bincike ba ne.

Jadawali na 1: Makin ɗalibai

Rukunin A: 8, 10, 11, 12, 14 (matsakaici 11)
Rukunin B: 11, 13, 14, 15, 17 (matsakaici 14)
Rukunin C: 10, 13, 14, 16, 17 (matsakaici 14)
Matsakaicin gaba ɗaya: 13

Aikin Anoba shi ne raba warwatsuwar makin gida biyu. Da farko akan cire matsakaicin gaba ɗaya daga makin kowane ɗalibi, a ninka abin da aka samu da kansa, wato murabba'insa, sannan a tara. Wannan ita ce jimillar murabba'ai ta gaba ɗaya (JMG). A nan rukunin A ya ba da 40, B ya ba da 25, C ya ba da 35, jimilla 100. Na biyu, akan ɗauki tazarar matsakaicin kowane rukuni daga 13, a yi murabba'inta, a ninka da yawan ɗaliban rukunin: 5 × (4 + 1 + 1) = 30. Wannan ita ce jimillar murabba'ai ta tsakanin rukuna (JMT). Ragowar, wato warwatsuwar ɗalibai a kewayen matsakaicin rukuninsu, ita ce jimillar murabba'ai ta cikin rukuna (JMC): 20 + 20 + 30 = 70.

Kowace jimilla tana da adadin 'yanci nata. Na tsakani shi ne yawan rukuna a cire ɗaya, wato 2. Na ciki shi ne yawan ɗalibai a cire yawan rukuna, wato 12. Idan aka raba kowace jimilla da adadin 'yancinta, sai a sami matsakaicin murabba'i: na tsakani (MMT) 15, na ciki (MMC) 5.83. Ke nan F = 15 ÷ 5.83 = 2.57. Jadawalin ƙididdiga ya nuna sai F ta kai 3.89 kafin p ta sauko zuwa 0.05 a wannan adadin 'yanci. Bisa al'adar da aka saba, mai binciken zai rubuta cewa alamomin ba su da wani amfani.

To amma a ƙaddara an yi aikin da ɗalibai 60, ashirin-ashirin, kuma kowane maki da ke jadawalin ya maimaitu sau huɗu. Matsakaitan ba su sauya ba, tazarar maki uku tana nan yadda take. JMT ta zama 120, JMC 280, adadin 'yanci na ciki 57, MMC 4.91, MMT 60, F kuma 12.21, wadda ta zarce iyakar 3.16 nesa ba kusa ba. Bambanci ɗaya ne, amma hukunci ya juya saboda yawan samfur kawai. Akasin haka ma yana faruwa. A samfur mai mutum 3,000 da rukuni uku, bambancin da bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari na warwatsuwa ba yana ba da F ta kusan 7.5, wadda ta wuce iyaka, alhali a aikace bai taka kara ya karya ba.

4.0 Ma'aunan Girman Tasiri

4.1 Murabba'in Eta (η²)

Wannan shi ne ma'auni mafi sauƙi, kuma yana nuna kason warwatsuwar gaba ɗaya da za a jingina wa bambancin rukuna:

η² = JMT ÷ JMG

A misalin da aka kawo, 30 ÷ 100 = 0.30. Wato kashi 30 cikin ɗari na bambancin makin ɗaliban yana tafiya ne da irin rubutun da aka ba su, kashi 70 kuma ya fito daga wasu dalilai, kamar hazaƙa da daɗewa ana koyon harshen. A samfur mai ɗalibai 60 ma 120 ÷ 400 = 0.30. F ta tashi daga 2.57 zuwa 12.21, eta kuwa ba ta motsa ba.

Akwai wata fa'ida ga mai bitar ayyukan magabata. Ko da marubuci bai bayar da jimillar murabba'ai ba, matuƙar ya kawo F da adadin 'yanci biyun, ana iya fitar da eta: a ninka F da adadin 'yanci na tsakani, sannan a raba abin da aka samu da jimillarsa da adadin 'yanci na ciki. A nan 5.14 ÷ (5.14 + 12) = 0.30.

4.2 Murabba'in Omega (ω²) da na Efsilon (ε²)

Naƙasun eta shi ne tana kambama tasiri, musamman a ƙaramin samfur. Dalili kuwa, ko da rukunan uku daga tushe ɗaya suke ba tare da wani bambanci ba, da wuya matsakaitansu su zo daidai wa daida, kuma duk ɗan saɓanin da dace ya haifar eta za ta ƙirga shi a matsayin tasiri. Lissafi ya tabbatar da cewa idan babu tasiri ko kaɗan, abin da ake sa ran eta ta bayar shi ne yawan rukuna a cire ɗaya, a raba da yawan samfur a cire ɗaya. Ga ɗalibai 15 a rukuni uku, 2 ÷ 14 = 0.14. Wannan abin lura ne ƙwarai, domin kamar yadda za a gani a gaba, 0.14 ita ce ƙimar da aka saba kira babban tasiri. Ke nan ƙaramin bincike yana iya nuna babban tasiri a inda babu komai. Ga ɗalibai 60 kuwa adadin ya sauko zuwa 2 ÷ 59 = 0.03.

Omega da efsilon an tsara su ne don rage wannan kambamawa, ta hanyar cire kason da dace kaɗai zai iya haifarwa:

ω² = (JMT − adadin 'yanci na tsakani × MMC) ÷ (JMG + MMC)
ε² = (JMT − adadin 'yanci na tsakani × MMC) ÷ JMG

A samfur mai ɗalibai 15, 30 − 11.67 = 18.33. Saboda haka ω² = 18.33 ÷ 105.83 = 0.17, ε² kuma 18.33 ÷ 100 = 0.18. Tasirin da eta ta ce kashi 30 ne ya koma kashi 17. A samfur mai ɗalibai 60, ω² = 110.18 ÷ 404.91 = 0.27, wato ta matso kusa da eta. Abin da za a fahimta shi ne, eta tana siffanta samfur ɗin da ke hannu, omega kuwa ƙiyasi ce ta abin da za a tarar a ɗaukacin al'ummar da aka ɗebo samfur daga cikinta. Da yake binciken harshe sau da yawa yakan dogara ga masu ba da bayani ƙalilan, omega ta fi dacewa da shi. Idan F ta gaza 1, omega takan fito ƙasa da sifili. Wannan ba kuskuren lissafi ba ne, alama ce cewa bambancin rukunan bai ma kai abin da dace zai haifar ba.

4.3 Eta ta Ɓangare

Idan sababan da ake dubawa sun fi ɗaya, lamarin yakan ƙara sarƙewa. A ƙaddara an sake binciken, aka ƙara harshen uwa a matsayin sababi na biyu, aka sa masu jin Yarbanci, wanda ke da karin sauti, da masu jin Fulatanci, wanda ba shi da shi, kuma yawansu daidai yake a kowane rukuni. A ce JMG 100 ce, ta rabu kamar haka: irin rubutu 30, harshen uwa 40, cuɗanyar sababan biyu 5, saura 25. Eta ta asali ga irin rubutu tana nan a 0.30. Ita kuwa eta ta ɓangare takan ajiye kason sauran sababai gefe, ta raba jimillar sababin da jimillarsa haɗe da saura kaɗai: 30 ÷ (30 + 25) = 0.55. Ta harshen uwa 40 ÷ 65 = 0.62, ta cuɗanya 5 ÷ 30 = 0.17. Idan aka tara ukun za a sami 1.34, wato fiye da ɗari bisa ɗari, abin da ba zai yiwu ba ga eta ta asali.

A nan ne masu bincike da dama suke tuntuɓe. Manhajar SPSS takan bayar da eta ta ɓangare ne a nazarin sababai da yawa, kuma Levine da Hullett (2002) sun nuna yadda marubuta suka riƙa kawo ta da sunan eta ta asali. Norouzian da Plonsky (2018) sun tarar da irin wannan ruɗani a binciken koyon harshe na biyu. Duk wanda ya ce irin rubutu ya bayyana kashi 55 cikin ɗari na bambancin maki ya faɗi abin da ba haka yake ba. Kashi 55 ne na abin da ya rage bayan an fitar da harshen uwa da cuɗanya. A nazari mai sababi ɗaya tak ne kawai ma'aunan biyu suke zama daidai.

4.4 Ma'aunan f da d na Cohen

Ma'aunin f shi ne tushen murabba'in abin da aka samu idan aka raba η² da (1 − η²). A misalin farko, 0.30 ÷ 0.70 = 0.43, tushensa 0.65. Idan aka yi amfani da omega a madadin eta, sai ya koma 0.46. Babban amfanin f shi ne tsara yawan samfur kafin a fita bincike. Jadawalin Cohen (1992) ya nuna cewa a nazari mai rukuni uku, idan ana son damar gano tasiri ta kai kashi 80 cikin ɗari a matakin 0.05, ana buƙatar mutum 21 a kowane rukuni ga babban tasiri, 52 ga matsakaici, 322 ga ƙarami. Mai binciken da ya tsaya a ɗalibai biyar-biyar tun farko bai ba kansa damar gano komai ba.

Bugu da ƙari, eta da omega ba sa faɗar inda bambancin yake. Don haka ake kwatanta rukuna biyu-biyu da ma'aunin d, wato tazarar matsakaitansu a raba da tushen murabba'in MMC, wanda a nan 2.42 ne. Tsakanin A da B, d = 3 ÷ 2.42 = 1.24. Tsakanin B da C kuwa sifili ne. A wannan ƙirƙirarren misali, alamar tsawon wasali ce ta ɗauki tasirin duka, ta karin sauti ba ta ƙara komai ba. Wannan shi ne irin bayanin da mai tsara littattafan koyarwa yake nema, kuma F ita kaɗai ba za ta ba shi ba.

5.0 Fassara Sakamako

Cohen ya ba da mizani uku na ƙarami da matsakaici da babba: 0.10, 0.25, 0.40 ga f, kimanin 0.01, 0.06, 0.14 ga η², sai 0.20, 0.50, 0.80 ga d. Shi kansa ya yi gargaɗin cewa mizanin na wucin gadi ne, a koma gare shi idan fannin da ake ciki ba shi da nasa. Plonsky da Oswald (2014), bayan sun bi ɗaruruwan ayyuka a fagen koyon harshe na biyu, sun ba da shawarar 0.40, 0.70 da 1.00 ga d a kwatancen rukuna mabambanta. Wato abin da Cohen zai ɗauka kusan matsakaici, a wannan fage ƙarami ne.

Saboda haka, laƙabin ƙarami ko babba bai wadatar ba. Ya kamata a kawo tazarar a ma'auninta na asali, maki uku cikin ashirin ko milisakan kaza a tsawon wasali, a auna ta da sakamakon magabata da kuma kuɗin da aiwatar da shawarar zai ci. Dabarar koyarwa mai ƙaramin tasiri wadda ba ta buƙatar komai sai alli da allo tana iya fin mai babban tasiri wadda sai an sake buga littattafan jiha baki ɗaya. Haka kuma, girman tasiri ƙiyasi ne, yana da kyau a haɗa shi da tazarar amincewa. A samfur mai ɗalibai 15 da aka gani, tazarar ta faro ne daga sifili, ma'ana bayanan ba su kore rashin tasiri ba, kuma ba su kore babban tasiri ba. Hukuncin da ya dace a nan shi ne a faɗaɗa binciken.

6.0 Abubuwan da Suka Keɓanta da Bayanan Harshe

Anoba ta yau da kullum ta ginu ne a kan sharaɗin cewa kowane awo yana cin gashin kansa. Idan aka naɗi muryar mutum biyar, kowanne ya furta kalma 40, aka auna wasulan da manhajar Praat, awo 200 aka samu, amma masu magana biyar ne. Ɗaukar su a matsayin samfur mai 200 yana kumbura F, yana kuma ɓata ƙiyasin girman tasiri. Herbert Clark ya yi nuni a 1973 cewa su kansu kalmomin da aka zaɓa samfur ne daga cikin harshe, don haka dole a yi la'akari da warwatsuwarsu kamar yadda ake yi wa masu magana. Ga binciken da ake auna mutum ɗaya sau da yawa, Olejnik da Algina (2003) sun gabatar da eta ta gama-gari, Bakeman (2005) kuma ya ba da shawarar amfani da ita, domin tana ba da damar kwatanta sakamakon ayyukan da tsarinsu ya bambanta, abin da eta ta ɓangare ba ta iyawa.

Abu na ƙarshe, kalmar tasiri a nan suna ce ta lissafi. Idan mai bincike ne ya raba ɗalibai rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a, yana da hujjar danganta bambancin ga abin da ya gwada. Idan kuwa rukunan a shirye ya same su, kamar Sakkwatawa da Kanawa da Katsinawa, babbar omega ba ta tabbatar da cewa karin harshe ne sanadi ba, tunda shekaru da ilimi da zama a birni duk suna iya bambanta su.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa ƙimar p tana tafiya da yawan samfur, ta yadda bambanci ɗaya zai iya samun hukunci biyu masu karo da juna. An bayyana yadda ake lissafa eta da omega da efsilon da f da d daga jadawalin da Anoba ta riga ta samar, ba tare da tattara sababbin bayanai ba. Shawarar da za a ba masu bincike da masu duba kundaye da editocin mujallu ita ce, duk inda aka kawo F da p, a biyo su da matsakaicin kowane rukuni da yawan mutanensa, a ambaci sunan ma'aunin girman tasirin da aka yi amfani da shi ƙarara, a fifita omega idan samfur ƙarami ne, sannan a bayyana abin da adadin yake nufi ga aji ko ga harshen da ake nazari. Yin haka zai sa ayyukan da ake gudanarwa a kan Hausa da Yarbanci da Ibo da sauran harsunan Nijeriya su zama masu kwatantuwa da juna, kuma wanda ya zo daga baya ya san yawan samfur ɗin da zai nema kafin ya fita fage.